Amsa Tana Cikin Matanin: Yadda Za Mu Tunkari Auna Fahimta da Taƙaitawa a Jarrabawar Turanci

A wannan fitowa ta allon jaridarmu mun ɗauko maganar da ta shafi kowa, tun daga 'yan aji ɗaya na babbar sakandare har zuwa yayyenmu 'yan aji uku da jarrabawa ta riga ta ƙwanƙwasa musu ƙofa. Maganar kuwa ita ce ta sashen karatu a jarrabawar Turanci, wato inda ake ba ɗalibi matanin da bai taɓa gani ba, a ce ya karanta, ya amsa tambayoyi, sannan ya taƙaita.

Jami'a ba ta ɗaukar ɗalibi sai da kiredit biyar, kuma dole Turanci ya kasance cikinsu. Ko Jami'ar Tarayya ta Gusau mutum yake hari, ko ta Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko ta jiharmu da ke Talata Mafara, dokar ɗaya ce. Sau da yawa za ka ga ɗalibi ya ci Lissafi, ya ci Kimiyyar Halittu, ya ci Hausa da Addini, amma Turanci ya tsaya masa a D7, sai ya kwana a gida shekara guda yana jiran sake zama. Kuɗin rajista kuwa kowa ya san buhu nawa na gero ake sayarwa kafin a haɗa shi.

Ina makin yake?

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, tana raba jarrabawar Turanci gida uku. Akwai takardar zaɓi-ka-cika mai tambayoyi 80, akwai ta furuci mai tambayoyi 60, sai kuma babbar takardar rubutu wadda ake yi cikin awa biyu, mai maki 100. A cikin wannan ɗari, insha'i yana da maki 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ke nan rabin makin babbar takarda yana hannun wanda ya iya karanta matani ya gane shi. Tsarin hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, bai yi nisa da wannan ba: ita ma tana kawo insha'i da auna fahimta da taƙaitawa.

Duk da haka, idan muka duba yadda muke shiri, sai mu ga ƙarfinmu ya tafi wajen haddace yadda ake buɗe wasiƙa da rufe ta. Sashen karatu kuwa mukan bar shi ga sa'a, muna cewa ai ba a san abin da zai fito ba. Gaskiya ne ba a san matanin da zai fito ba. Amma an san irin tambayoyin da za a yi, domin kusan iri ɗaya ne kowace shekara, kuma ana iya koyon yadda ake amsa su kamar yadda ake koyon huɗa ko saƙa.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a kanmu

Mu mutane ne da Allah ya hore wa hadda. Tun muna ƙanana muka saba da ita, kuma tana taimakonmu a darussa da dama. Sai dai a wannan sashe hadda ba ta da wurin zama. Mai jarrabawa ba ya tambayar abin da ka sani game da duniya. Abin da yake son gani shi ne ko ka gane abin da marubucin ya faɗa, ko da kai kana da wani ra'ayi daban.

A ɗauka Inna ta aike ki ki jiyo abin da mai shela yake faɗa a bakin kasuwa. Idan kin dawo, abin da ya faɗa za ki kawo mata. Ba za ki ƙara da naki tunanin ba, ba kuma za ki tsaya kwaikwayon muryarsa da maimaita kowace kalma ba. Za ki ce, "Ya ce gobe za a yi wa yara rigakafi a ƙofar fada, a kai su da safe." Wannan shi ne auna fahimta, shi ne kuma taƙaitawa. Bambancin kawai, a jarrabawa mai shelar da Turanci yake magana, kuma a rubuce.

Mu gwada da matani

Don kada magana ta tsaya a baki, mun rubuta ɗan gajeren matani a kan abin da duk muka sani, wato madatsar ruwa ta Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato. Ku karanta shi sau biyu kafin ku ci gaba:

"When the Bakolori Dam was completed in 1978, many people expected better harvests throughout the valley. The canals carried water to dry fields, and rice grew in months when no rain fell. However, the farmers who lived downstream had a different story to tell. The annual flood, which had fed their farms for generations, shrank. For them, the river had closed its hand."

Jimloli biyar ne kacal, amma ana iya ciro duk nau'o'in tambayoyin WAEC daga cikinsu.

Tambaya ta kai tsaye. Ana iya cewa: me ya sa manoman da ke ƙasa da madatsar ba su amfana ba? A nan ne ɗan Dosara ko Bakura zai iya faɗawa tarko, don ya san harkar noma fiye da wanda ya rubuta tambayar. Sai ya rubuta cewa taki ya yi tsada, ko babu injin ban-ruwa, ko rashin tsaro ya hana zuwa gona. Duk waɗannan suna iya zama gaskiya a rayuwa, amma babu su a matanin, don haka babu maki. Amsar tana jimla ta huɗu: ambaliyar da ke shayar da gonakinsu duk shekara ta ragu. Sai a rubuta: "The yearly flood on which their farms depended became smaller." Jimla ɗaya ta wadatar. Kada kuma a jero amsa biyu da fatan ɗaya za ta dace, domin a ƙa'idar masu duba takardu, idan ɗaya daidai ce ɗaya kuskure, duka biyun sun faɗi.

Tambayar musayar kalma. Za a ciro kalma a ce ka kawo wata da za ta maye gurbinta a cikin matanin. Ɗauki "shrank". Ɗalibi zai gane cewa ana nufin raguwa, sai ya rubuta "small" ko "decrease". Ma'anar ta yi kusa, amma maki ya tafi. Dalili shi ne "shrank" aikatau ce a shuɗaɗɗen lokaci, dole wadda za ta zauna a wurinta ta zo da irin wannan siga: "decreased" ko "dwindled". Hanyar gwaji mai sauƙi ce: cire tsohuwar kalmar, saka taka, ka karanta jimlar a zuci. Idan ta zauna daram kamar murfi a bakin tukunyarsa, ka dace. Suna da suna ake musaya, sifa da sifa, jam'i da jam'i. Haka "annual" za ta koma "yearly", "expected" ta koma "anticipated".

Tambayar nahawu. Za a ja layi a ƙarƙashin wani yanki na jimla, a tambayi sunansa da aikinsa. A ce an ɗauko "which had fed their farms for generations". Ka fara tambayar kanka: akwai aikatau mai nuna lokaci a ciki? Akwai, "had fed". To ganga ce, a Turance "clause". Da babu, da sai a kira shi "phrase". Sannan ka tambaya: me take bayani a kai? A kan "flood", wanda suna ne. Duk abin da ke bayanin suna aikin sifa yake yi, saboda haka amsa ita ce "adjectival clause", aikinta kuwa "it qualifies the noun flood". Idan kuma aka ɗauko "When the Bakolori Dam was completed in 1978", tana amsa tambayar yaushe, don haka "adverbial clause of time" ce, kuma "it modifies the verb expected". A lura, ba ya isa a ce tana bayanin aikatau kawai, sai an ambaci aikatau ɗin da sunanta.

Tambayar adon harshe. Jimlar ƙarshe ta ce gulbi ya rufe hannunsa. Gulbi ba shi da hannu, an ba shi halin ɗan Adam ne. Wannan shi ne abin da malamin Hausa ya koya mana da sunan mutuntarwa, a Turanci "personification". Ma'anarsa kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, don mu ma mukan ce wane yana da sakin hannu, wane kuma ya maƙe hannu. Gulbin ya daina ba su abin da ya saba ba su ke nan. Wanda ya riƙe darasin adabin Hausa da kyau ya riga ya yi rabin wannan aiki: kamantawa ita ce "simile", siffantawa "metaphor", kambamawa "hyperbole". Sunayen ne kawai suka sauya.

Tambayar abin da ba a faɗa ƙarara ba. Wani lokaci akan tambayi halin marubuci game da abin da yake bayani, ko yana yabo, ko yana suka, ko yana tausayi. Ba za ka ga amsar a jimla ɗaya ba, sai ka duba irin kalmomin da ya zaɓa. Wanda ya ce ambaliya ta ciyar da gonaki tun kaka da kakanni, sannan ya ce gulbi ya rufe hannu, ai tausayin manoman yake ji. Bahaushe ya san zaurance da habaici da gugar zana, bai kamata wannan ya gagare shi ba.

Ƙananan kalmomi masu juya magana

Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A matanin da ke sama, kalmar da ta fi kowace nauyi ita ce "However". Kafin ta, ana maganar alheri. Bayanta, labari ya juya. Wanda idonsa ya tsallake ta zai ɗauka duk matanin yabon madatsa ne.

Irin waɗannan kalmomi su ne alamun hanya. "However", "but" da "yet" suna nufin amma, ko sai dai. "Although" ita ce ko da yake. "Therefore" da "consequently" suna nufin saboda haka, wato sakamako na tafe. "Moreover" da "furthermore" su ne bugu da ƙari, wato ga wata hujja sabuwa. "For instance" ita ce alal misali, tana sanar da kai cewa abin da ke biye misali ne kawai. Ku riƙa ja musu layi da fensir a kan takardar tambaya.

Akwai kuma masu kama da tabbatarwa alhali korewa suke yi. "He hardly works" ba ta nufin yana aiki tuƙuru, tana nufin da ƙyar yake taɓa aiki. "Seldom" da "rarely" suna nufin ba safai ba. "A few farmers came" tana nufin wasu sun zo, amma "few farmers came" tana nufin kusan babu wanda ya zo. Harafi ɗaya ne ya raba su.

Sai wakilin suna. Duk inda kuka ga "it", "they", "them" ko "this", ku tsaya ku tambaya: wa ake nufi? A jimlarmu ta ƙarshe, "them" tana komawa ga manoman ƙasan madatsa, ba ga dukan mutanen kwarin ba. Ɗalibai da yawa a nan suke sakin zaren labari.

Idan ka haɗu da kalmar da ba ka sani ba

Za ka haɗu da ita, babu makawa, kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa da ƙamus. Kada gabanka ya faɗi. Ka karanta jimlar da ke gabanta da wadda ke bayanta, sau da yawa maƙwabta sukan tona asirinta. A ce ba ka san "downstream" ba. Ka san "down", ka san "stream", kuma matanin ya nuna mutanen wurin ruwa ya rage musu bayan an tare gulbi. Ka ga ke nan waɗanda ke ɓangaren da ruwa yake gangarawa ake nufi.

Ka kuma koyi ɗafe-ɗafen Turanci. Ɗafa-goshi irin "un", "dis", "in" da "mis" yawanci suna kore ma'ana ko su nuna kuskure. Ɗafa-ƙeya "less" tana nufin rashi, "ful" tana nufin cika. Wanda ya san "care" ya sami "careful", "careless" da "carelessness" a kyauta. In kuma kalmar ta ƙi buɗuwa, kuma ba a yi tambaya a kanta ba, ka wuce. Ba a fasa tafiya don dutse ɗaya a hanya.

Taƙaitawa: raba tsaba da ƙaiƙayi

Wannan sashe ya fi auna fahimta maki, kuma a nan aka fi yin asara. Matanin yakan kai kalmomi 500, a ce ka fitar da manyan batutuwa cikin jimloli ƙidayayyu, galibi shida. Aikin tamkar shiƙar hatsi ne. Misalai, da alƙaluma, da labaran da marubuci ya kawo don ƙawata magana, da maimaici, duk ƙaiƙayi ne, iska za ta tafi da su. Tsabar ita ce babbar maganar kowane sakin layi, wadda sau da yawa takan zo a farkonsa, wani lokaci a ƙarshe.

Da za a ce mu faɗi tasirin madatsar cikin jimla biyu, sai mu rubuta: "The dam made dry-season farming possible." Sannan: "It reduced the flood that downstream farmers depended on." Ba mu ambaci shekara ba, ba mu ambaci shinkafa ba, ba mu ɗauko hannun gulbi ba.

Ga ƙa'idojin da ba a wasa da su. Kowace amsa ta zama cikakkiyar jimla mai aikau da aikatau, don guntun zance yana rage maki. Batu ɗaya a jimla ɗaya. Idan an ce jimla uku, a kawo uku, kada a ƙara. Kada a sa ra'ayin kai. Mafi girma kuma, kada a kwafe jimlar marubuci sukutum a ajiye. Rahotannin manyan masu duba takardu na WAEC sun sha kokawa a kan wannan ɗabi'a, kuma wanda ya kwafo ba tare da tunani ba yakan tashi a tutar babu. Ba a hana amfani da wasu kalmomin matanin ba, musamman waɗanda ba su da madadi, amma ginin jimlar ya zama naka. Kuskuren nahawu ma yana zaftare maki, saboda haka gajeriyar jimla mai tsabta ta fi doguwa mai ɗingishi.

Rabon lokaci

Manhajar WAEC ta ba da shawarar minti 50 ga insha'i, 30 ga auna fahimta, 40 ga taƙaitawa. Abin da yakan faru shi ne ɗalibi ya zauna a kan insha'i fiye da awa guda, ya zo taƙaitawa saura minti goma, sai ya hau kwafe. Ku riƙa duba agogo.

A cikin minti 30 na auna fahimta, ga tsarin da muke ba da shawara. Karatu na farko da sauri, don a san inda labarin ya dosa. Sai a karanta tambayoyin duka. Sai karatu na biyu a natse, fensir a hannu, ana sa alama a inda kowace amsa take. Tambayoyin sukan bi jerin matanin, ta farko daga sama, ta ƙarshe daga ƙasa. Sannan a rubuta amsoshi, a bar minti uku na dubawa. Matanin yakan kai aƙalla kalmomi 350, wanda ke karanta kalma 100 a minti zai gama mai kalmomi 350 sau biyu cikin minti bakwai.

Abin da ke rage mana sauri sananne ne: bin kalma ɗaya-ɗaya da yatsa, motsa leɓe, da fassara kowace kalma zuwa Hausa kafin a wuce. Ku horar da ido ya riƙa ɗaukar kalmomi uku ko huɗu a tare, kamar yadda ba ma karanta "in sha Allahu" harafi-harafi.

JAMB da abin da ke gaba

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta tun 2015. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. A can ba a rubuta jimla, zaɓi ake yi cikin huɗu, kuma akan saka amsar da take gaskiya a rayuwa amma babu ita a matanin, don a kama mai gaggawa. Akwai kuma matanin da ake cire wa kalmomi a ce ka cike gurbi, da tambayoyi daga littafin labari da hukumar take zaɓa. A karanta littafin kansa, kada a dogara da taƙaitawar da ake turawa a waya. Wanda bai saba karatu a fuskar kwamfuta ba ya nemi inda zai gwada tun kafin ranar.

Masu burin karatu ko aikin jinya a Ingila, Kanada ko Ostareliya kuma za su tarar da jarrabawar IELTS, wadda aka fara a 1989. Sashen karatunta tambayoyi 40 ne cikin minti 60. Akwai wata irin tambaya a ciki da ake kawo magana a ce ka faɗa ko gaskiya ce, ko ƙarya ce, ko kuwa matanin bai ambata ba. Kun ga dai darasin bai sauya ba daga ajinmu har zuwa can: abin da ke cikin matanin shi ne hujja.

Me za mu karanta a nan Dosara?

Za a ce ba mu da babban ɗakin karatu, jarida ba ta zuwa kullum, wuta ma sai a hankali. Haka ne. Da yawanmu kuma muna da giɓi a karatu tun lokacin da aka rufe makarantun jihar nan a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro. Amma mai duba takarda a ɗakin maki bai san wannan ba, abin da ke kan takarda kawai yake gani. Don haka sai mu yi da abin da ke hannu.

Littafin Turanci na aji cike yake da matanoni, har da waɗanda malam bai kai gare su ba. Littattafan Labarin Ƙasa, Gwamnati, Aikin Gona da Kimiyyar Halittu duk Turanci ne, kuma irin batutuwansu ne ke fitowa a jarrabawa. Tsohuwar jaridar da aka ƙunso tsire ko ƙosai a ciki matani ce. Takardar da ke cikin kwalin magani da rubutun jikin galan ɗin maganin feshi matani ne, karanta su ma yana iya tsare lafiyar gida. Wanda ya sami aron waya, ga dabara: kamfani ɗaya ne ke buga Aminiya da Daily Trust, sau da yawa labari ɗaya yakan fito a duka biyun. Karanta na Turanci tukuna, ka faɗa wa kanka abin da ka gane, sannan ka duba na Hausa ka ga ko ka dace. Littafin tambayoyin shekarun baya kuma mutum uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su saya, a sa mai zuwa Talata Mafara ko Gusau ya taho da shi.

Ga ɗan tsarin da kowa zai iya bi. Kullum minti 20 na karatun Turanci, da rana tun ido na gani, ko bayan Asuba ko tsakanin La'asar da Magariba. Bayan kowane sakin layi, rufe littafin ka faɗi abin da ya ƙunsa cikin jimla ɗaya. Ka tanadi ƙaramin littafi na sababbin kalmomi, biyar a rana, kowace da jimlar da ka tsince ta a ciki. Biyar a rana, kwana shida a mako, cikin mako 30 ka tara 900. Sau ɗaya a mako kuma ku zauna ku uku, ku ɗauki matanin shekarun baya, ku sa agogo, kowa ya amsa shi kaɗai, sannan ku yi musayar takardu. Duk wanda ya ba da amsa, a ce ya nuna layin da ya samo ta. In ya kasa nunawa, amsar ba ta karɓu ba.

'Yan'uwanmu mata da aikin gida ke cinye wa yamma, da maza masu zuwa gona ko kiwo, ku lura cewa WAEC da NECO suna faɗowa ne daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina, lokacin da sharar gona da shuka suke neman kowa. Watannin sanyi su ne naku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Roƙo ga malamanmu

Muna roƙon malamanmu, ba na Turanci kaɗai ba, su taimaka mana ta hanya biyu. Ta farko, idan an ba mu abin karantawa a kowane darasi, a riƙa tsayar da ɗayanmu a ce ya faɗi abin da sakin layin ya ƙunsa da kalmominsa, maimakon ya maimaita na littafi. Ta biyu, idan an duba mana aikin auna fahimta, a nuna mana dalilin da amsa ta faɗi, ko daga waje muka ɗauko ta, ko sigar kalma ce ba ta dace ba, ko kwafe muka yi. Jan biro kaɗai ba ya gaya wa ɗalibi inda zai gyara. Allah ya saka muku da alheri bisa haƙurin da kuke yi da mu.

Aikin wannan mako

Ku koma kan matanin Bakolori ku amsa waɗannan: wace kalma ce za ta maye gurbin "completed"? Mene ne sunan nahawu na "who lived downstream", kuma mene ne aikinsa? Wa ake nufi da "their" a jimla ta huɗu? Ku rubuta amsa a takarda da suna da aji, ku miƙa wa wakilin ƙungiya na ajinku kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshin da suka dace a fitowa ta gaba, tare da sabon matani wanda ya fi wannan tsawo.

Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta